Injin da Reino Ya Bari a Gareji

Irja Lahtela ta haura shekara saba'in a duniya ba ta taɓa ɗora hannu a kan injin kwashe dusar ƙanƙara ba. Haka aka raba aikin gidan tun ranar da ta tare. Ita ce da girki da lambun dankali, mijinta Reino shi ne da faskare, da rufin gida, da duk wani abu mai shan fetur. Idan iskar babban tafkin da ke kusa da su ta kwana tana juye musu ƙanƙara, kafin ruwan kofi ya tafasa za ta ji rurin injin a waje. Ta taga take hango shi yana tafe a bayansa kamar mai huɗa, farar ƙura na tashi gefe, har ya buɗe hanya tun daga gareji zuwa bakin titi. Ya shigo gemu duk ƙanƙara, ya ce mata tsohuwa a ba ma'aikaci haƙƙinsa, ta miƙa masa kofi da burodi mai ƙamshin kaɗamon.

Da kaka aka kai Reino gidan kula da tsofaffi a garin Hancock. Mantuwar ta fara masa da sunayen maƙwabta, ta ci gaba a hankali kamar gara, har ranar da aka tsince shi a bakin tsohon ramin haƙar tagulla da silifas, wai yana jiran motar aiki, motar da ta daina zuwa tun 'yarsu Sanna tana goye. Daga nan Irja ta san abin ya fi ƙarfinta.

Kullum da safe take zuwa wurinsa. Darlene, ma'aikaciyar jinyar da ke kula da sashensu, ita ta gaya mata cewa da safe ne kansa yake ɗan washewa, da rana ta karkata sai hazo ya rufe. Ko da safen ma ba ya gane ta, amma yakan zauna ya ci abin da ta kawo, wani lokaci ya yi mata murmushi irin na wanda ya san fuska ya rasa inda ya san ta. Wannan ɗan abin shi take fita nema.

Sai ƙanƙarar farko ta sauka a tsakiyar Nuwamba, mai nauyi, har gwiwa. Daga Milwaukee inda take zaune, Sanna ta riga ta shirya ta waya da wani mai mota cewa zai riƙa zuwa yana ture mata ƙanƙara. Mutumin bai yi ƙarya ba, yana zuwa, amma sai ya gama da gidajen cikin gari, ga gidan Lahtela shi ne na ƙarshe a kan hanyar, daga shi sai daji. La'asar yake isowa. Irja ta zauna da kwat a jikinta tun safe, abincin Reino a naɗe a kan tebur, tana kallon agogo yana cinye mata safiya.

Washegari ta shiga gareji ta yaye tamfol. Injin na nan ja, da tsatsa a gefen bakinsa, safar hannun Reino a rataye a kan mariƙi yadda ya bar ta. Ta ga igiya, ta san dai ja ake yi. Ta ja har kafaɗarta ta amsa. Ta danna duk abin da ke dannuwa, ta murɗa duk abin da ke murɗuwa, ta sake ja. Injin ya yi tari sau ɗaya ya yi shiru, garejin ya cika da warin fetur. Ta koma ciki ta ɗauko shebur, ba ta yi nisan tsawon mota ba ƙirjinta ya gaya mata gaskiya.

Da Sanna ta kira, Irja ta yi kuskuren ba ta labari. Yarinyar ta ɗauko tsohuwar maganar: a sayar da gidan, akwai ɗakuna masu ɗumi a cikin gari inda wasu ke kwashe wa mutum ƙanƙara, ko kuma ta taho Milwaukee gaba ɗaya.

"Mama, ba gane ki yake yi ba fa," in ji ta a hankali. "Ko kin je ko ba ki je ba, duk ɗaya ne a wurinsa."

Irja ta ce ta ji, ta tambayi lafiyar yara, ta ajiye wayar.

Ranar da yamma ta isa Hancock, bayan mai mota ya zo ya tafi. Ta tarar da Reino a kujerar bakin taga, ya ƙura wa filin ajiye motoci ido. Ta gaishe shi bai juyo ba. Ta zauna, ta rasa abin faɗa, don labarin gida ya daɗe da daina shiga kunnensa. Don kawai kada shirun ya yi yawa ta ce yau ta sha wahala da injin ƙanƙara, ta ja igiya har hannunta ya mutu, ya ƙi tashi.

Sai ya juyo. Ya dube ta sama da ƙasa, ya tambaye ta ko ta buɗe famfon fetur.

Ta ce ba ta san akwai wani famfo ba.

"To, baiwar Allah, da me kike so ya tashi? Da addu'a?"

Ya gyara zama. Muryar da ta fito tasa ce ta da, wadda ta yi wata da watanni ba ta ji ba. Ya ce a ƙarƙashin tanki akwai ɗan famfo, a juya shi ya bi tsawon tiyo. Akwai mabuɗin roba ja, ba murɗa shi ake yi ba, tura shi ake yi har ya zauna. Ta duba totur, za ta ga hoton kunkuru a gefe ɗaya, zomo a ɗaya gefen, ta kai shi wajen zomo. Ta rufe cok tunda injin ya kwana cikin sanyi. Sannan ƙwallon robar nan mai laushi, ta danna shi sau biyu ko uku, kada ta wuce haka. Ya tambaye ta sau nawa ta danna. Ta ce ba ta ƙirga ba, ta dai yi ta dannawa. Ya girgiza kai yana dariya ƙasa-ƙasa, ya ce ai ta shaƙe shi da mai, ko mutum aka ɗura wa haka ba zai yi magana ba. Ta bar shi ya huta ya bushe. Igiya kuma ba da fushi ake ja ba, a jawo ta a hankali sai an ji ta cije, sannan a fizga.

Darlene ta tsaya a bakin ƙofa da tiren magani, ba ta shigo ba sai da ya gama.

Da gari ya waye Irja ta bi maganarsa ɗaya bayan ɗaya, tana faɗa da baki kamar mai haddar karatu. A fizga ta biyu injin ya kama, ya yi ruri har gilashin tagar gareji ya ɗauki rawa. Ta ja da baya ta dafe bango. Da ya fara shaƙewa ta tuna da cok, ta buɗe shi kaɗan-kaɗan har muryarsa ta daidaita. Abin da Reino bai kai ga gaya mata ba shi ne hannuwan nan biyu da ke saman mariƙi. Ta matse na hagu, injin ya zabura ya ja ta waje kamar ɗan maraƙi. Ta saki, ya tsaya cak. Ta matse na dama, murɗaɗɗen ƙarfen da ke bakinsa ya fara juyawa yana haɗiyar ƙanƙara, bututun sama ya feso ta gaba, iska kuwa daga gaban take, ta dawo mata da ita duka a fuska. Ta tsaya fari fat tana dariya, ta waiga wajen tagar kicin don a taya ta. Labule ne kawai a wurin.

Hanyar da ta buɗe ranar karkatacciya ce kamar sawun maciji, amma mota ta fita. Kafin hantsi tana Hancock.

Daga nan ziyarar ta sami abin tsayawa a kai. Idan ta ce masa Sanna na gaishe shi, sai ya kalli bango. Idan ta ce bututun yana fesa mata a fuska, sai ya ce ta kama ƙugiyar da ke gefen mariƙi ta juya bakinsa ya bi iska, ba a jayayya da iskar tafki. Ya koya mata ta fara daga tsakiyar hanya ta riƙa fesawa gefe, kada ta kwashe abu ɗaya sau biyu. Ya ce tudun da motar gwamnati mai share hanya ke tarawa a bakin titi, mai tauri kamar siminti, da giya ta ɗaya ake shigarsa, a ɗan gutsura a ja baya. Ya ce ta duba baƙin mai kafin ta tayar, kada ta taɓa salansa, kada kuma ta bar injin yana aiki a gareji ƙofa a rufe, hayaƙinsa ba ya sallama. Da ta ce yana kwasar tsakuwa yana jifa da ita, ya ce takalman ƙarfen da ke gefen bakinsa ne suka cinye, ta sassauta noti ta sauko da su.

A ganinsa wata gwauruwa ce daga coci da aka turo ta neman shawara. Yana yi mata magana da ladabi da haƙuri, ya maimaita abu sau uku ba ya ƙosawa. Irja takan tuna lokacin da ya so koya mata tuƙi suna sabon aure, yadda suka dawo gida ba mai yi wa wani magana. Wannan haƙurin ashe yana da shi, baƙi yake ajiye wa. Abin ya yi mata ciwo kwana biyu, sannan ta bar shi ya wuce, don ba ta da wurin ajiye shi.

Ta fara tanadin tambayoyi. Idan abu ya faru da injin sai ta ji wani daɗi-daɗi, ta san gobe akwai hira. Ranar da babu abin da ya lalace takan tambayi abin da ta riga ta sani, ya amsa mata da zumuɗi kamar yau aka fara tambayarsa. Da dare ya yi tsawo, gidan ba motsi sai na tukunyar ɗumama ɗaki, ita kaɗai take cin abinci a tsaye a bakin murhu. Maƙwabtan da suka rage a hanyar sun rufe gida sun tafi kudu sai bazara. Wani makon, ban da Darlene da Reino, ba wanda take jin muryarsa ido da ido.

Bayan Kirsimeti aka yi ƙanƙara mai ruwa-ruwa, irin mai liƙewa. Tana cikin aiki ta ji ƙara kamar an sara ƙarfe, rabin bakin injin ya daina juyawa, bututun kuma ya toshe. Jaridar talla ce da aka jefo ta daskare a ƙarƙashi, injin ya haɗiye ta. Ta kashe shi, ta leƙa, ta ga takardar a cushe. Har ta cire safar hannu don ta zaro ta, sai sanyi ya sa ta mayar, ta jira mai mota.

Da ta ba Reino labari washegari, fuskarsa ta canza. Ya kamo hannunta na dama, ya juya shi, ya bi yatsun ɗaya-ɗaya da babban yatsansa. Rabon da ya riƙe hannunta tun kafin kaka.

"Ba ki sa hannu a ciki ba ko?"

Ta ce ai a kashe yake.

"Ko a kashe yake. Fankar cikin tana riƙe da ƙarfi kamar tarko, kina cire abin da ya tokare ta za ta juya. Da sanda ake yi. Ki yi mini alkawari."

Ta yi masa. Bai saki hannun ba ya ci gaba da bayani, ya ce abin da ya karye wata 'yar ƙusa ce da ke riƙe da murɗaɗɗen ƙarfen, kuma don ta karye aka yi ta, ita ke mutuwa a madadin giya. Kada ta yarda ta sa noti mai ƙarfi a wurinta. Ya ce ta je shagon Pascoe mai kayan injina ta ce a ba ta irinta, ta ɗauki guda huɗu. Sannan ya dubi taga inda ƙanƙara ke sauka a kan motoci. Ya ce shi matarsa tana gida ita kaɗai, can ƙarshen hanya, kuma ba a bar shi ya fita daga nan ba. Ba ta iya injin ba, laifinsa ne, bai taɓa nuna mata ba. Ga ta da taurin kai, ko za ta mutu a ciki ba za ta roƙi kowa ba.

"Tunda hannunki ya faɗa, ko za ki biya ki buɗe mata hanya? Irja sunanta. Kada ki ce ni na aiko ki."

Irja ta ce za ta biya. Ta ce ta san gidan.

Ya gode mata ƙwarai, ya saki hannunta, ya tambaya ko an kusa kawo abinci. A mota ta daɗe zaune ba ta tayar ba, har gilashi ya rufe da tururin numfashinta. Daga nan ta wuce shagon Pascoe. Tsohon ya kawo mata ƙusoshin, ya tambayi jikin Reino, ya ce in tana so ya turo wani ya sa mata. Ta ce a'a, a dai nuna mata lambar sufana. Ta durƙusa a kan kwali a gareji, ta fitar da guntun da ya karye da guduma da ƙusa, ta sa sabuwa. Gwiwoyinta sun yi kwana uku suna tuna mata.

Bai sake ambaton matarsa ba. Ta jira, ta ɗan zagaya da zance ko zai tambayi yadda ta same ta, bai tambaya ba.

A watan Fabrairu ciwon huhu ya kwantar da shi. Ya tashi, amma ya bar wani abu a can. Turancin ya zube masa gaba ɗaya, ya koma yaren Finlan da iyayensa suka yi masa yana yaro. Irja kuwa nata iyayen sun hana su yaren tun suna ƙanana don kada a yi musu dariya a makaranta, abin da ta riƙe bai wuce gaisuwa da sunayen abinci da addu'ar kafin cin abinci ba. Makon nan bel ɗin injin ya fara santsi, yana wari kamar taya ta ƙone. Ta zo da tambayarta, ta gaske wannan karon. Ya saurare ta da kyau, ya ɗaga hannuwa yana nuna wani abu mai zagaye, ya yi bayani mai tsawo, yana tsayawa yana duban ta ko ta gane. Ta riƙa gyaɗa kai. A cikin duk abin da ya faɗa kalma ɗaya ta kama, wadda ke nufin a hankali. Pascoe ne ya zo da kansa ranar Asabar ya canza bel ɗin, ya sha kofi a tsaye, ya tafi.

Ta ci gaba da zuwa kowace safiya. Yanzu barci ya fi yawa. Takan zauna ta gaya masa yawan ƙanƙarar da ta sauka da inda iska ta tara ta, ko ya ji ko bai ji ba. Tudun da ke gefen hanyarta ya fi ta tsayi, har sai da ta ɗaga murfin bututun sama don feshin ya haye.

Ya rasu a ƙarshen Maris, da hantsi, tana zaune a gefensa tana ɓare masa lemo. Ƙasa a daskare take, ba a haƙa kabari sai ta saki, don haka aka yi addu'a a coci aka ajiye shi a ɗakin maƙabarta tare da sauran waɗanda hunturu ya ɗauka. Sanna ta zo ta yi mako guda, ta sake ɗauko maganar gidan. Irja ta ce a bari a binne shi tukuna. Makonnin nan su suka fi mata tsawo, ba ya Hancock, ba ya ƙasa, ba ta da inda za ta je da safe. An ƙara yin ƙanƙara sau biyu a Afrilu. Ta farkon ta kwashe, ta biyun ta bar wa rana.

A watan Mayu aka binne shi. Mutanen ba su da yawa, yawancin abokansa sun riga shi kwanciya a wurin. Pascoe ya zo da kwat ɗin da ya yi masa yawa. A wajen shan kofi bayan an dawo, ya matso kusa da ita ya tambaya ko ta juye fetur ɗin injin. Ta ce ba ta san ana juyewa ba. Ya ce in ya kwana a ciki har kaka zai yi kauri ya toshe kafireto. Ya ce ta rufe famfo, ta tayar da shi a waje, ta bar shi ya shanye abin da ya rage.

Sanna ta kama hanya da azahar saboda aiki. Irja ta cire baƙaƙen kaya, ta turo injin bakin gareji, kan tsakuwar da ta jiƙe da narkakkiyar ƙanƙara. Ta tayar da shi, ta rufe famfon, ta kifa bokiti ta zauna. Ya daɗe fiye da yadda ta zata. Tsuntsaye suka watse daga kan itacen tuffa. Can ya fara sama da ƙasa da murya, ya yi tari, ya mutu. Sai ta ji ɗigar ruwa daga rufi, da wata mota can nesa a kan babban titi.

Ta jira ya huce, ta goge shi da tsumma, ta tura shi lungu. Rana ba ta faɗi ba tukuna, ga lambu ya fito daga ƙarƙashin ƙanƙara duk ganyen bara. Ta tsaya tana dubansa, tana lissafin ko kunya biyu ta dankali za ta ishi mutum ɗaya.